Rasuwar 'Yar Miga, A-kori-kurar da Aka Sauke wa Yashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yau ba ta huce ba, Malam Gambo mai kwalekwale na Haɗejiya yana sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar a-kori-kurarsa, 'Yar Miga. Ta cika ranar Laraba da hantsi a gangaren da ake fito da jirage daga kogi, tana da shekara goma sha tara a hannunsa, ban da waɗanda ta yi a hannun wasu.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ba ta tashi da murɗa ɗaya, sai ta ce "kir-kir-kir" sau uku, ta yi atishawa, amma in ta tashi ta tashi ke nan. Ta kai kifi Kafin Hausa ba adadi, ta kai yara asibiti, ita ce kuma ta ɗauki kayan ɗakin Umaima, 'yar Malam, zuwa gidan miji. Da ta san wanda ke jira a gidan, da ta mutu a hanya tun ranar, cikin mutuncinta.

Duk shekarun nan tana jawo kwalekwale a kan amalanken ƙarfe, ta haye gangaren nan mai gansakuka, ba ta taɓa zamewa ba. Buƙatarta kaɗan ce. A bar mata buhun yashi huɗu a baya, daidai kan tayoyi, su danne ta. A ɗan rage wa tayoyin iska, a watsa busasshen yashi a gabansu, a sa giya ta ɗaya, a lallaɓa totur.

Ciwon ajalinta ya fara ne daga gwiwar Malam, wadda ta kumbura a makon. Sai surukinsa, mijin Umaima, wanda kunya ta hana a rubuta sunansa a nan (Safiyanu ne), ya durƙusa ya ce, "Baba, ka huta. Ni da na yi tuƙi a Kano, wannan ɗan gangaren ne zai gagare ni?"

Ya karɓi makulli. Abin da ya fara yi shi ne sauke buhunan yashin, wai a rage wa tsohuwa nauyi. Malam yana tsaye yana gani. Mutum ba ya daka wa surukinsa tsawa a gaban masunta, don haka ya yi gyaran murya. Surukin ya yanko ɗanyar kachala, ciyawar kogi mai yauƙi kamar kuɓewa, ya shimfiɗa a ƙarƙashin tayoyi. Malam ya sake gyaran murya, har jijiyar wuyansa ta fito. Surukin ya waiwayo cikin ladabi ya ce, "Sannu Baba, mura ce?"

Sannan ya taka totur har ƙasa. Marigayiyar ta yi ihu "wiii, wiii", tayoyinta suna juyawa wuri ɗaya, suna feshe rigar Malam da laka. Ƙaurin kuloci ya tashi. Nauyin kwalekwale ya rinjaye ta, ta fara komawa da baya a hankali, fitilunta suna kallon mai gidanta. Direban ya diro lafiya lau, ko ƙwarzane babu, alhamdu lillahi dai. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "bul-bul-bul". Bala makanike ya leƙa rufinta daga bakin ruwa, ya cire hula.

Ta bar kwalekwale ɗaya, wanda ya tsira saboda ya iya ruwa, da jak ɗin ɗaga mota da ke gida ranar, da buhu huɗu marayu, da yara shida da suka koma zuwa makaranta a ƙafa.

Malam ba zai ce wa kowa komai ba. Umaima tana da tsohon ciki, ba ya son maganar da za ta hana ta cin abinci a ɗakinta. Wanda ya je dubiya ya ce mata Baba ya yafe, yana ma dariya.

Za a fito da gawar ranar Asabar da safe, kafin ruwa ya ƙara hawa. Mai igiya ya zo da igiyarsa, Zarami manomi zai kawo bijimansa biyu. Daga nan a raka ta wurin 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa. Dole mutum ɗaya ya tuɓe ya nutsa, ya ɗaura igiya a ƙarƙashinta, kuma iyali sun keɓe wannan girma ga surukin, kasancewar shi ne a kanta lokacin da ta cika. Masunta sun shaida wa Malam cewa bana matsattsaku sun yi yawa a daidai wurin, manya-manya, masu yunwa. Ana roƙon jama'a kada kowa ya tayar wa surukin da hankali da wannan labari.