Yadda Za Ka Gano Asalin "Kalafat" Ka Rasa Jirgin Ubanka

Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin sanyi ya shigo duk tsibirin nan zai san sunanka. An gwada su a kan Vicko, tsohon malamin makarantarmu, sun kuma yi aiki fiye da yadda ya so.

1. Zaɓi kalmar da ba ka iya aikinta ba.
Kalafat ta wadatar: mai cusa zare da kwalta a tsagar katakon jirgi don kada ruwa ya shiga. Vicko ya gaji jirgin kamun kifin mahaifinsa, yana yoyo ta ko'ina. Ka ga ke nan yana da dalilin zurfafa bincike.

2. Kama kujera a shagon gahawa.
Mai kallon teku, amma daga nesa. Ilimi ba ya son danshi.

3. Nema wa kalmar uba.
Ka ce daga bakin Girkawa ta fito. In Jakov mai kantin magani ya ce ta Larabawa ce, yi masa irin ta Vicko: "Kai da ko a baho jiri ke ɗibarka, me ka sani game da teku?" In gobe ya dawo goyon bayan Girkawa, kai kuma ka koma Larabawa.

4. Toshe kunne a gida.
Matarsa Perina takan ce, "Malam, Girkawan nan naka in sun gama shan gahawa, za su zo su toshe mana jirgin?" Kada ka amsa. Ce mata maganar ta fi haka zurfi.

5. Jira ranar Waliyyi Nikola.
Duk shekara a gaban coci muke ƙona jirgin da ya fi lalacewa, domin kariyar masu shiga teku. Bana dattawa ko zagaye ba su yi ba. Suka ce, "Kawu Vicko, naka ne. Tunda kai ne masani, kai za ka yi jawabi."

Ya kuwa yi. Yana tsakiyar zancen Girkawa wuta ta kai gaban jirgin, inda mahaifinsa ya rubuta sunan uwar Vicko da fenti. Nan ya yanke jawabin.

Jakov ya matso kusa da shi. "Malam, da an taɓa shafa masa kwalta, da ya fi haka ci."

Gargaɗi: marubucin nan ba shi da jirgi, bai san asalin kalmar ba, kuma duk tokar da ka kwaso taka ce.