Kwamfutar Marigayiya Ta Bi Ta

Da zuciya cike da baƙin cikin da bai ga amfanin ɓoyewa ba, tsohon malamin adabin nan na bene na biyu yana sanar da rasuwar kwamfutar matarsa. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan teburin cin abinci.

Marigayiya kwamfutar mai haƙuri ce. Fankarta na nishi kamar tsohuwa a kan matakala, amma ba ta taɓa cin amana ba. Ita ta riƙe muryar matar Malam, wadda a ciwonta na ƙarshe ta naɗi kanta tana karanta masa littattafan da ya raina, tana dariya a tsakiyar jimla.

Ciwon ajalin gajere ne. Ajiyarta shimfiɗa biyu ce: ta ƙasa ba a rubutu a kanta, ta sama kuwa ita ke ɗauke da duk abin da aka ƙara, har muryar. Kullum in ta tashi sai ta haɗa su. Ranar nan ta kasa, ta tsaya a baƙin allo mai jin umarni kaɗan, babu linzamin nuni, babu kwandon da ake tsamo abin da aka goge.

Aka kira mijin 'yar Malam, masanin abin. Ya ce akwai wani ɗan ɗakin aiki da dole a share kafin haɗin ya yiwu. Malam na tsaye a bayansa. Mutumin da ya tsufa yana gyara rubutun 'ya'yan mutane ya ga sarai sunan shimfiɗar sama aka rubuta, ba na ɗakin ba. Amma ina aka taɓa gyara wa suruki kuskure a gaban matarsa? Ya yi gyaran murya kawai. Surukin ya danna.

Ta tashi kuwa. Ta yi "ting" ɗinta, fes, ba ta san kowa ba, muryar ta tafi da shimfiɗar sama. Har tafi aka yi.

Ta bar caja mai naɗin salatif, da jaka, da dattijo guda.

Za a naɗe ta a mayafin mai ita ranar Alhamis, a ajiye a saman kabad. Ba a bukatar masu gyara, sun yi iya nasu. Malam zai zauna karɓar gaisuwa da kalmar da ta maƙale masa sau biyu, a asibiti da kuma bakin tebur: dakata.