Taubashiyar Malam Bunsuru

A wani daji, can bayan inda hanya ta ƙare, dabbobi sun kafa makarantar bincike a gindin wata tsohuwar tsamiya. Nan ake gano ciyawar da ke kisa da saiwar da ke warkarwa. Duk wanda ya gama bincikensa sai ya kai wa mai tantancewa. In ya ce aiki ya yi, a shimfiɗa wa mai shi tabarma cikin manyan malamai. In ya ce bai yi ba, a koma dakan magani. Mai tantancewar kuwa Malam Bunsuru ne.

Bushiya ta daɗe tana bin ciwon nan da ke kumbura cikin maruƙa da farkon damina. Aiki ya nuna, saura ta kai masa. Ana nan sai aka yi baƙi daga wani dajin, aka shirya musu walima. Malam Bunsuru ya ci ya ƙoshi, ya shafa gemu, ya ce:

"Ai mace tana da amfani a wurin bincike, hannunta da saurin daka. Amma kanta fasasshiyar ƙwarya ce, ka zuba ilimi da hantsi, kafin azahar ya tsiyaye. Muddin ni ke tantancewa, sai dai su daka."

Aka yi dariya. Aku yana kan reshe, shi bai yi dariya ba, haddacewa ya yi. Magana kuwa zarar bunu ce. Kafin a kwashe kwanuka ta zaga dazuka.

Shugaban makarantar, Gauraka, ya tara majalisa. Ya ce, "Jama'a, ba abin da aka faɗa ne ya tara mu ba, jin da aka yi ne. Sunan makaranta yana yawo a bakin tsuntsaye."

Bushiya ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ban zo a kori kowa ba. Abu ɗaya nake roƙo. Wanda ya yanke hukunci tun bai ga aikina ba, kada a ɗora aikina a hannunsa."

Manyan malamai kowa ya taɓa gemunsa, kun san in na ɗan'uwanka ya kama da wuta ruwa ake nema. Aka juya ga Hawainiya, ita kaɗai ce mace a majalisar. Ta dubi Bushiya ta yi ruwan ƙasa, ta dubi Gauraka ta yi fari, ta ce ita dai ba a taɓa gaya mata komai ba.

Sai Dila ya yi gyaran murya. Ya jawo asali tun daga kaka da kakanni, har ya gano wai uwar Bunsuru da uban Bushiya ciki ɗaya suka fito. Ya ce, "Ashe taubasai ne. Wasa ne na dangi, ba a kai shi gaban shari'a. In aka bi ma, duk matan makarantar nan abokan wasansa ne." Majalisa ta yi hamdala.

Bushiya ta ce, "Taubashina ne? To, na karɓa."

Ranar yaye ɗalibai, fili ya cika, ga baƙi. Malam Bunsuru ya taho da rawani, Bushiya ta ɗaga murya ta ce, "Taubashi, sannu da isowa. Jama'a ku buɗa masa, iska ta samu hanya. Bawan Allah shekara da shekaru yana binciken warin da ya addabi makarantar nan, duk inda ya je sai ya tarar ya riga shi zuwa."

Har baƙi sai da suka riƙe ciki. Wanzami kuwa ba ya son jarfa. Aka sake kiran majalisa, wannan karon da sauri.

Gauraka ya ce, "Yarinya, kin ci mutuncin babba."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wasa ne na dangi, ku kuka ce ba a kai shi gaban shari'a. In nawa zagi ne, to nasa ma ba wasa ba ne, sai mu koma kan roƙona."

Aka nemi Dila, aka ce ya zaga bayan gida.

Daga ranar, kullum safiya matan makarantar ke jeruwa a hanyar Malam Bunsuru, Zomanya da Barewa har da tsohuwar Jaka, kowace da gaisuwar da ta kwana tana shirya wa taubashinta. Ba a jima ba shi da kansa ya roƙa a sauke masa tantancewa. Majalisa ta sauke shi, ta naɗa shi uban makaranta, aka ƙara masa inuwa da dusa. Aka kuma yi shela an hana wasa a harabar makaranta. Tantancewa ta koma hannun Malam Rago.

Bushiya ta tattara aikinta ta ɗaure. Zomanya ta ce, "Yaya, kin san shi kuwa?"

"Na san shi. Ku ɗauko tabarmi ku zauna a bayana, ya duba muna kallo. In ya mayar da ni, gobe ma ina tafe."

Suka kama hanya. Shi kuwa Malam Rago, a faɗi gaskiya, ba a taɓa jin ya aibata mace ba. Shi nasa a ciki yake, ba ya faɗa da baki.