Umrar Hajja I'itimad a Hannun Bashmuhandis

"Ni fa kwamfuta in ta gan ni gyara zama take yi," in ji Shaukat, mijin yayar matata. Duk garinmu Mansura ba wanda ya taɓa ganin shaidar karatunsa, amma ka kira shi ba ka ce Bashmuhandis ba, wato babban injiniya, to ka ja wa kanka gaba har Sallah.

Surukarmu Hajja I'itimad ta dawo daga Umra da hotuna cike da waya. Ta gayyaci matan benenmu kaf, ran Juma'a su zo su gani a babban talabijin. Gogan naka ya karɓe aikin. Ya kwashe hotunan ya zuba a kwamfutarsa, sannan ya goge na wayar tas, wai don ta sha iska.

Saura a juye su a filashi. Na ce, "Shaukat, ja su kawai ka sauke mana."

Ya dube ni da tausayi. "Da wannan tsohuwar manhajar jera fayil? Ai ta 'yan koyo ce. Akwai na kyauta birjik, sai wadda na zaɓa."

Ta farko da ya sauko da ita tallar maganin sanƙo ta dinga watso masa, shi kuwa abin ya taɓa shi, ya cire ta a fusace. Ta biyu ta mai da sunayen hotunan akwatuna da alamar tambaya. Ya ce wannan ba ta da tarbiyya. Ta uku ce ta sace zuciyarsa: taga biyu gefe da gefe, komai da Turanci, ga wani maɓalli da ke mai da taga ɗaya kwafin ɗayar sak.

To ka san mu, komai daga dama muke farawa, karatu, rubutu, har tsohuwar manhajar tasa ta Larabci haka take. Sai ya buɗe hotunan Hajja a dama, filashi a hagu. Ita kuwa baƙuwar daga hagu take ɗiba ta zuba a dama, abin da ta tarar a can kuma ta share shi har abada.

Wani jan rubutu ya fito. Na ce, "Me take cewa?"

"Gaisuwa ce. Haka masu tsada suke yi."

"Ba kyauta ba ce?"

"Kai dai sha shayinka." Ya danna, aiki ya ƙare kafin in ajiye kofi. "Ka ga gudu? Gwani ba ya dubawa." Ya zare filashi ya jefa a aljihu.

Ran Juma'a falo ya cika maƙil, ga kek ɗin basbusa, ga dabinon Madina. Hajja ta hakimce a tsakiya cikin farin mayafi. Shaukat ya soka filashi, ya ja da baya yana murza gashin baki.

Hoto ɗaya ne tak a ciki, wanda dama can yake kan filashin. Shaukat ne a bakin teku, daga shi sai ɗan kamfai, tumbi a gaba, ya cusa kansa cikin robar iyo ta yara mai kan agwagwa.

Shaukat ya ruga ya ɗauko kwamfuta, ya buɗe inda hotunan Umra suke. Agwagwar ce a can ma, ita kaɗai. Wallahi sai da na tausaya wa Hajja, don na ga idonta ya kawo ruwa.

Umm Ragab ta hawa na biyu, wadda idonta ya yi rauni, ta matso har hancinta na taɓa gilashin.

"Ikon Allah! Hajja, haramin maza ya ƙanƙance haka yanzu?"

Shaukat ya fara sulalewa wajen ƙofa yana cewa laifin manhaja ne, akwai wata ta huɗu da za ta dawo da komai.

Hajja ta share ido da gefen mayafi. "Ina za ka, Bashmuhandis? Dawo ka tsaya nan kusa da talabijin. Tunda ba su ga Ka'aba ba, bari dai su gan ka da wando."