Ta'aziyyar Allon Alhaji

A masana'antar fatarmu ta Challawa, ni ake kira idan kwamfuta ta yi gardama, don na taɓa karance littafinta. Ranar da Alhaji manaja ya ce hoton allon kwamfutarsa yana rawa, na shiga ofishinsa sanye da sabon tabarau mai kashe ƙyallin rana. Na duba allon, na gan shi baƙi ƙirin. Na sunkuyar da kai.

"Alhaji, sai haƙuri. Ya mutu. A sayo wani."

Alhaji ya dubi hoton jikokinsa a allon, suna ta murmushi.

"Malam, ko za ku cire tabarau kafin jana'iza?"

Har yau, in na doso ofis, sai wani ya rungume kwamfutarsa: "Da ranta, Malam, da ranta!"