Kular Mama Tamar

Wani ne a Kafanchan, malamin sakandare, irinmu ɗin nan da karatu ya sa muka ɗauka duk abin da muka iya bayaninsa mun iya yinsa. Wata Lahadi aka ba shi dama ya yi magana a taron Zumuntar Maza na cocinsu. Ya miƙe, ya gyara tabarau, ya ce namijin da bai iya dafa wa kansa abinci ba bai gama girma ba. Ya ce shi a gidansa, sai matarsa ta tambaye shi kafin ta jefa daddawa a miya. Matan da ke shara a bayan coci suka ji, kafin yamma magana ta zagaye unguwa.

A makon ne matar tasa, Miriyam, ta tafi Kagoma jinyar mahaifiyarta. Yara suna makarantar kwana. Aka bar shi daga shi sai kicin, sai maganar da ya yi.

Ya fara da acca, don ya taɓa karanta cewa ba abin da ya kai ta saurin dahuwa. Gaskiya ne kuwa. Abin da bai karanta ba shi ne sai an rege ta an fitar da yashi. Loma ta farko ya ji kamar yana tauna bakin titi. Ya lallaɓa ta bayan gida ya zuba wa kaji. Kajin nan, da tsintar yashi sana'arsu ce, suka leƙa suka wuce.

Yana zaune da yunwarsa sai ga Mama Tamar, dattijuwar da ke maƙwabtaka da su ta hannun dama, ɗauke da kula.

"Malam, mun san ka iya. Amma yau ɗaya ka huta."

Gwate ne, ya ji yakuwa da gauta. Ya cinye tas, ya suɗe cokali. Can sai Miriyam ta kira shi a waya.

"Baban Doreen, ka ci abinci?"

"Na ci. Mama Tamar ce ta kawo gwate. Don kar ta ji ba daɗi na karɓa."

"To kar ka mayar mata da kula haka nan. Ba a mayar da kwano ba komai a ciki, ka sani."

"Ni za ki koya wa wannan?"

"Ko lemo ne ka saya ka zuba mata."

Da ya sayi lemon, da magana ta ƙare a nan. Amma mutumin da ya tsaya gaban Zumuntar Maza ya faɗi abin da ya faɗa ba zai mayar da kula da lemo ba. Yana cikin wannan tunani aka ƙwanƙwasa ƙofa. Anti Hellen ce, tela, maƙwabciyarsu ta hannun hagu, da kwano mai murfi. Tuwon shinkafa da miyar gyaɗa.

Da ta tafi, ya ajiye kwanon kusa da kular. Ya dubi wannan a cike, ya dubi wannan ba komai. Ya tuna matan nan biyu ko gaisawa ba sa yi, tun ranar da akuyar Mama Tamar ta cinye alayyahon Hellen. A coci ma kowa da layinta. Ya juye tuwo da miya cikin kula, ya goge bakinta, ya kai.

Washegari Mama Tamar ta tare shi a ƙofar gida.

"Malam, wannan miyar ai ta yi."

"Ɗan abin da ya samu ne, Mama."

Bai ce shi ya dafa ba. Mu masu karatu ba ma ƙarya, sai dai mu bar mutum da abin da ya fahimta.

Da rana ta dawo da kular, wannan karon wake da riɗi, ya sha manja. Ga kwanon Hellen yana jira ba komai. Ya haɗiye yawu, ya juye, ya kai.

"Malam, wannan waken kamar na ƙauyenmu," in ji Hellen. "Dole gobe in rama."

Ta kuwa rama.

Shi ke nan gidansa ya zama tasha. Abin da ya shigo ta dama ya fita ta hagu, abin da ya shigo ta hagu ya fita ta dama. In ya taɓa ko kaɗan sai kwano ya nuna rami, ga shi kowace tana ƙara yawan nata don kar namiji ya fi ta. Rabonsa a ciki shi ne ƙamshi, sai ɗan abin da ya maƙale a murfi. Sauran kuma garin rogo da ruwa, a ɗaki, labule a sake.

Suna kuwa ya yi shi. Mata na wucewa suna nuna gidan. Fasto ya ambace shi a wa'azi, bayan an tashi ya riƙe hannunsa ya dube shi sama da ƙasa.

"Malam, azumi kake yi ne? Wuyanka ya fito."

"Wani iri dai, Fasto."

"Ubangiji ya ƙarfafa ka."

"Amin."

Ranar Asabar ya ga abin ba zai yiwu ba. Ya sa hula ya jawo ta har gira, ya hau okada zuwa wani gidan abinci can bayan tashar jirgi, inda ba wanda ya san shi. Ya ce a ba shi sakwara da miyar agushi, nama biyu. An ajiye ke nan, ya wanke hannu, sai ya ji murya daga bencin baya.

"A'a, Malam. Kai ne a nan?"

Baba Azariya ne, mijin Mama Tamar.

"Baba, ina wuni. Na zo in ga yadda suke yi ne. Mai dafa abinci dole yana zagayawa."

"Kai ka jawo mana ai. Matana ya ce in je in koya a wajenka, in ba haka ba in nemi inda zan ci. To ga ni." Ya matso da bencinsa. "Taɓa mu ji. Yaya hannunsu?"

Malam ya gutsuri sakwara, ya dangwali miya, ya kai baki. Tun da aka haife shi bai taɓa cin abu mai daɗin wannan ba. Baba Azariya ya zuba masa ido yana jiran hukunci. Malam ya taune a hankali, ya girgiza kai.

"Agushin bai soyu ba."

"To kar ka wahalar da bakinka," in ji Baba Azariya, ya jawo kwanon gabansa.

Malam ya zauna yana kallo har aka tauna ƙashi.

Ya koma gida a ƙasa. Da safe ya riga ya kai wa Hellen waken Mama Tamar, don haka kular na kan tebur ba komai, tana jiran abin da zai shigo ta hagu. Bai daɗe ba Hellen ta kawo. Miyar gyaɗa ce, yau har da kaza.

Ya buɗe murfi don ya juye. Ya ce bari dai ya ɗanɗana gishiri. Ya ɗanɗana. Ya ce bari ya tabbatar. Bai dawo hayyacinsa ba sai da ya ga fuskarsa a ƙasan kwano.

Ga kula tana kallonsa. Ga Mama Tamar ta saba da yamma abu na zuwa.

Ya kira Miriyam.

"Wani abokina ne yake tambaya. Miyar gyaɗa, me ake fara sawa?"

"Wane abokin?"

"Ba ki san shi ba."

"Ka ce wa abokin naka ya sayi lemo."

Ya kashe waya ya nufi kasuwa. Mai gyaɗa ta tambaye shi, "Oga, soyayye ko ɗanye?" Ya ce ta haɗa. Mai kayan miya ta ce tattasai ko attarugu, ya ce ta haɗa. A wajen niƙa aka ce a haɗa ko a raba, ya ce ai tambayar ma ba ta taso ba.

Ya ɗora tukunya. Miya ta yi ruwa, ya zuba garin rogo. Ta yi kauri, ya ƙara ruwa. Ta kama a ƙasa, ya kankaro ya juya, ya watsa citta don ta danne ƙauri. Yaji ya yi yawa, ya sa sukari. Da ya gama, launinta ya koma na siminti, ludayi kuma ya tsaya a tsakiya shi kaɗai ba mai riƙe shi. Bai ɗanɗana ba. Ya ce wa kansa ai kayan duk iri ɗaya ne da na Hellen, bambancin ba zai taka kara ya karya ba.

Ya danna ta cikin kula, ya rufe, ya saki fuska ya kai.

"Allah ya sa albarka, Malam," in ji Mama Tamar.

Ya dawo ya zauna. Ko takalmi bai cire ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mama Tamar ce, kula a hammata, ɗankwali a karkace, fuskar nan ba walwala. Nan take ya shirya bayani, ya gyara tabarau.

"Mama, wannan wani sabon salo ne na gwada. A ƙasashen da suka ci gaba, gyaɗa..."

Ba ta ko saurare shi ba. Ta waiga ta dubi gidan da ke hannun hagu, ta matso, ta rage murya.

"Malam, ka san ba na shiga gidan can. Gaya mini gaskiya. Hellen ba ta da lafiya ne?"