Jatau da Amfilifayar Amurka

A Kwanar Dabino akwai gidan Inna Hure, mai 'ya'ya biyu. Babban, Ilu, mai ba da hayar lasifika ne. Ƙaramin kuwa Jatau, ƙato har da gemu, amma abin da ka faɗa masa shi ke nan, ba ya ƙara ko ɗigo. Ilu ya sayar da bijiminsa guda tilo ya sayo amfilifaya 'yar Amurka, na'urar ƙara wa lasifika ƙarfi, don shi aka ba shelar kokawar bana. In ta ƙone, ya tashi ba sa, ba sana'a. Mai gyara ya ja masa kunne: wutar can rabin tamu ce, dole a bi da ita ta wata 'yar taransufoma mai rage wuta.

Wata rana Ilu ya ce, "Jatau, wannan baƙuwar rabin wutarmu take sha." Yana fita, Jatau ya kunna fanka da rediyo, ya aro dutsen guga uku a maƙwabta ya jona, wai su shanye rabin wutar kafin Yaya ya dawo. Zanen Inna na zuwa biki ne ya sha ƙuna.

Wata rana Ilu ya ce, "Kada ka jona ta sai taransufomar na tsakaninta da bango." Jatau ya ɗauko taransufomar ya ajiye a ƙasa, ya auna da taku har ta zauna daidai tsakiya, sannan ya soka filogin amfilifaya kai tsaye a bango. Allah ya taimaka an ɗauke wuta tun safe! Ilu ya shigo ya gani, ya yi wuf ya zare filogin.

"Ai tana tsakani, Yaya," in ji Jatau. "Na ma auna."

Wata rana ana gwaji, taransufomar ta ɗau zafi, Ilu ya ce tana son iska. Ya juya ke nan sauti ya mutu. Sai can aka hango Jatau a kan babur da ita a cinya, yana zagaya gari a guje.

Ranar kokawa fili ya cika maƙil, an aro janaretan mai niƙa. Ilu ya haɗa komai, saura filogin amfilifaya. Ya manta makirufo a gida, sai ya danƙa wa Jatau filogin. "Riƙe. Ko wa ya ce ka jona, kada ka jona!"

Sarkin fili ya ce a jona, Jatau ya ƙi. Makaɗa suka zage shi tas, ko gezau. Ilu ya dawo yana haki.

"To, jona."

"Ka ce ko wa, Yaya."

"Kai, ni ne fa!"

"Na gane ka. Amma ka ce ko wa."

Ilu ya cafke shi. Wallahi kokawar farko a ranar tasu ce, 'yan kallo har da tafi. Suna cikin birgima sai janaretan ya yi wani irin gurnani, wuta ta hau. Ƙwayayen fitilun fili suka fashe tas-tas, wayoyin da aka sa caji suka yi hayaƙi, taransufomar ma ta soye. Amfilifaya kuwa tana zaune lafiya lau, filoginta na dunƙule a hannun Jatau.

Ilu ya zauna daɓas a ƙasa, hawaye na zuba. Jatau ya matso yana kakkaɓe gemu.

"Yaya, har yanzu ko wa?"

Ilu ya rungume shi. "Ko wa, Jatau. Musamman ni."